Idon Kifin Koi Da Abin Da Yake Faɗa Game Da Ruwan Tafki

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a unguwannin gefen gari a Ingila ya san cewa gida yakan zo da abin da ba ka nema ba: bishiyar tuffa, ko rumfar ajiyar kaya, ko ɗan tafki a tsakiyar lambu da kifaye masu launin ja da fari suna kai da komo a ciki. 'Yan uwanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidajensu su ma suna cin karo da irin wannan tafki, kuma sau da yawa dattijon da suke kula da shi ya fi tunawa da abincin kifayensa fiye da nasa maganin. Kifin nan shi ake kira koi. Ni kaina shekara biyar ke nan ina kula da guda tara a gidan da nake haya a Birmingham. Mai gidan ya koma zama wurin 'yarsa, ya rage mini kuɗin haya a kan in riƙe masa su amana.

Da yake labari ya bazu cewa ina kiwon kifin ado, a shekarar da ta wuce mutum uku daga cikin mutanenmu sun turo mini hoton kifi ta WhatsApp. Tambayarsu ɗaya ce: idon kifin ya canza, wane magani za a saya? Amsar da na ba su ita ma ɗaya ce. A jikin koi, ido wurin da matsala take fara bayyana ne, amma da wuya a ce nan ta samo asali. Cikin mutum ukun nan, ɗaya ruwansa ne ya lalace, ɗaya kifinta rauni ya ji, ɗaya kuma cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma. Babu kwalbar magani guda da za ta yi wa su ukun aiki.

Kifin da ba a ci

Asalin koi kifin abinci ne. Manoman shinkafa na tsaunukan Niigata a Japan, musamman yankin Ojiya da Yamakoshi, suna kiwonsa don su samu abin ci idan ƙanƙara ta rufe hanyoyi. A farkon ƙarni na 19 suka fara ware waɗanda suka fito da launi, suna haɗa su aure, har aka baje su a wani babban baje koli a Tokyo a 1914, daga nan sunansu ya fita. A 2018 an yi gwanjon wata koi mai ja da fari a gonar kifi ta Sakai da ke Hiroshima a kan yen miliyan 203, kimanin dala miliyan 1.8. Na lambunan gidaje ba su kai nan ba, ana samun ƙarami da 'yan fam kaɗan, babba mai kyawun zane kuma yana kai ɗaruruwa ko dubbai. Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne shekaru. Koi yana iya yin shekara 25 zuwa 35 idan ya samu kulawa, saboda haka kifin da aka bar maka yana iya girmar 'ya'yanka. A Ingila da Wales kuma dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta haɗa har da kifin da ake ajiyewa a gida, kuma wanda dabba take hannunsa shi ke da alhakin kula da ita, ko da ba shi ya saya ba.

Da yawa daga cikinmu mun san kiwon tarwaɗa a kwami a gida, to sai dai a yi hattara da kwatanta su. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar waje da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya yi datti ƙwarai. Koi ya dogara ne ga iskar da ke cikin ruwa, wadda yake tacewa da jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa. Sannan kifi ba shi da fatar rufe ido. Idonsa a buɗe yake dare da rana, duk abin da ke cikin ruwa yana taɓa shi kai tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa ido yake riga sauran jiki nuna alama.

Tambayoyi huɗu kafin a taɓa aljihu

Wani dattijo maƙwabcina da ya haura shekara 30 yana kiwon koi shi ya koya mini cewa ƙirga ake fara yi. Ido ɗaya ne ya canza ko duka biyun? Kifi ɗaya ne ko da yawa? Idon hazo ya yi, ko kumbura, ko faɗawa ciki? Me ya canza a tafkin cikin makonni huɗu zuwa shida da suka wuce, sabon kifi, ko ruwan sama mai yawa, ko gyaran injin jan ruwa, ko wanke matatar ruwa?

Ido ɗaya a kifi ɗaya galibi rauni ne. Ido biyu a kifi ɗaya yana nuna ciwo a cikin jikinsa. Idanun kifaye da yawa a lokaci guda kuwa ruwa ne ko cuta mai yaɗuwa. Ba kullum lissafin yake fita daidai ba, amma yana rage maka hanyoyi daga goma zuwa biyu.

Don a duba da kyau, ana kora kifin da raga a hankali zuwa cikin babbar roba da aka cika da ruwan tafkin, ba a ɗaga shi sama a cikin raga ba, domin ragar da kanta tana goge ido. A fara kallonsa daga sama, ta nan ake gane ko ido ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Sannan a haska tocila daga gefe. A ɗauki hoto kowace rana daga wuri ɗaya, domin idon mutum yana mantuwa da yadda abu yake jiya. Wanda yake da yanka ko ƙuje a hannu ya sa safar roba, saboda akwai wata ƙwayar bakteriya ta kifi, dangin mai kawo tarin fuka, da ke shiga fatar mutum ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa.

Hakiya ce ko yana?

Hausa ta riga ta raba mana abu biyun da tocila za ta nuna. Idan farin yana kan fuskar ido daga waje, kamar hakiya, to tantanin waje ne ya samu matsala. Idan fuskar ido garau take amma can ciki, a tsakiyar baƙin, akwai fari, to yana ce, wato ƙwayar da ke tattara haske ce ta dushe.

Hazon waje shi ya fi yawa, kuma shi ya fi saurin warkewa. Abin da ke kawo shi ruwa ne mai ƙona fata, ko ƙananan halittu masu cin jikin kifi waɗanda ido ba ya gani. Idan suka dame shi, jikinsa yakan ƙara fitar da yauƙi don kare kansa, yauƙin ya lulluɓe har ido. Za ka ga kifin yana goga jikinsa a ƙasan tafki, ko ya matse fikafikansa ya tsaya wuri ɗaya. Waɗannan halittu iri-iri ne, kuma maganin wata ba ya kashe wata. Ana gane su ne idan aka kankaro ɗan yauƙi daga jikin kifin aka duba a madubin ƙara girma. Shagunan koi da yawa a Birtaniya suna yin wannan aikin, haka ma likitocin dabbobi.

Yana kuwa takan zo da tsufa, ko daɗewa ana ba kifi abincin da ya rasa wasu sinadarai irin su zink da wasu bitamin, ko abincin da ya daɗe a buɗe ya lalace. Akwai kuma wata tsutsa mai suna Diplostomum da rayuwarta ke zagayawa tsakanin halittu uku. Tsuntsu mai cin kifi yana zubar da ƙwanta a ruwa ta kashinsa, ta shiga dodon koɗin ruwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar kifi ta wuce har cikin ƙwayar ido ta zauna. Ba ta tsallakawa daga kifi zuwa kifi. Idan aka kawar da dodon koɗi aka shimfiɗa raga a saman tafki, an yanke mata hanya. Sai dai ƙwayar idon da ta riga ta yi fari ba ta komawa yadda take.

Ruwa ba ya tsami banza

Wanda ya fara turo mini hoto ɗalibi ne a Manchester da ke aikin kula da wani dattijo a ƙarshen mako. A watan Oktoba, bayan kwanaki ana tafka ruwan sama, kifaye biyar cikin bakwai suka wayi gari da hazo a ido biyu. Na ce ya bar maganar magani, ya sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo, waɗanda suka fi na tsinken takarda faɗin gaskiya, ya auna abu huɗu.

Na farko amoniya, wadda kifi ke fitarwa daga jikinsa. Na biyu naitirait, wanda ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matatar ruwa suke juya amoniya zuwa gare shi kafin su mai da shi abu mai sauƙin illa. Waɗannan biyun sifili ake so a gani. Na uku ma'aunin tsami da ake rubutawa pH, wanda koi ya fi jin daɗinsa tsakanin 7 da 8.5. Na huɗu KH, wato yawan sinadarin kabonet da ke hana ruwa yin tsami, kuma masu kiwo ba sa son ya yi ƙasa da 4 ko 5.

Nasa pH ɗin ya faɗi ƙasa da 6, KH kuma kusan babu. Dalilin yana da alaƙa da garin da yake. Ruwan famfon Manchester daga tafkunan yankin Lake District yake zuwa, na Birmingham kuma daga kwarin Elan a Wales, duka biyun ruwa ne mai ƙarancin kabonet. Ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila ya ratso ƙasa mai alli, shi ya sa butar shayi take yin fari a can, amma tafkinsu ba ya saurin tsami. Matatar ruwa tana cinye kabonet kullum a cikin aikinta, ruwan sama kuma ba ya kawo ko kaɗan. Idan ya ƙare, pH yana iya rikitowa cikin dare ɗaya.

A nan akwai tarko. Idan ruwa ya yi tsami, bakteriyar matata takan rage aiki, amoniya ta taru, amma tsamin yana riƙe ta a siffar da ba ta cika cutarwa ba. Wanda ya zuba soda mai yawa ya ɗaga pH a tashi ɗaya, ya kwance wa amoniyar nan mari, kifayen da suka tsira daga tsami su mutu da guba. Abin da ɗalibin ya yi shi ne ya dakatar da ba su abinci, ya riƙa canza kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ruwan kullum, yana sa maganin kashe kulorin a sabon ruwa, yana ƙara bekin soda kaɗan-kaɗan yana aunawa. Kafin mako biyu idanun sun washe, bai sayi maganin ido ko ɗaya ba. Maganar kulorin ba ta wasa ba ce. Ruwan famfo a Birtaniya da Amurka yana ɗauke da shi, a wasu garuruwan ma irin wanda ba ya tashi ko an bar ruwa ya kwana, kuma yana ƙona ido da wurin numfashin kifi. Masu zama a ƙasashe masu zafi kamar Saudiyya da Sudan su ƙara lura, domin amoniya tana ƙara dafi idan ruwa ya ɗumama, iskar cikinsa kuma tana raguwa.

Idon da ya kumbura

Ta biyu wata baiwar Allah ce a jihar Maryland ta Amurka. Babbar kifinta ta wayi gari a watan Yuni da ido ɗaya ya fito waje kamar zai faɗo, da ɗan jini a ciki, amma tana cin abinci tana iyo lafiya. Lokacin zuba ƙwai ne, maza suna bin mace suna tura ta jikin duwatsu da bango. Zalɓe ma yana yin irin wannan ɓarna idan ya kai sara bai samu ba. A Birtaniya doka ta hana kashe shi, raga ce kawai mafita. Rauni irin wannan yakan sauka da kansa cikin makonni idan ruwa yana da tsabta. Abin lura shi ne kada ya zama gyambo. Idan farin gashi kamar auduga ya fito a kai, ko gefen idon ya yi ja yana ci gaba, sai likita. Idan kuma ido ɗaya yana ƙara fitowa sannu a hankali tsawon watanni a tsohon kifi, yana iya zama ƙari ne a bayansa.

Kumburin ido biyu ya fi tayar da hankali. A dubi kifin daga sama. Idan ciki ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye maimakon ya kwanta, to ruwa ne ya taru a jikinsa. Kifin ruwan daɗi kullum ruwa yana shiga jikinsa, ƙoda ce ke fitar da shi. Idan ƙoda ta gaza, ko bakteriya ta shiga jini, ruwan yana taruwa har bayan ido ya turo shi waje. Wanda ya kai wannan mataki da wuya ya tashi, kuma jinkirin kwana biyu yana da yawa.

Wani abin da ke kumbura ido biyu shi ne iska. Idan bututun da ke shiga injin jan ruwa ya tsage yana zuƙar iska, ko aka cika tafki kai tsaye da ruwan rijiyar burtsatse, ruwan yakan ɗauki iskar da ta wuce kima. Sai ƙananan kumfa su fito a cikin ido da fikafikai, tocila tana nuna su sarai. Maganinsa gyaran bututu ne da barin ruwa ya fantsama a sarari kafin ya shiga tafki. Sannan akwai wata cutar bairas da ke tasowa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa bai wuce digiri 17 ba, mai kawo kumburin ido da ciki da ɗigon jini a fata. Ita ma tana cikin waɗanda ake sanar da hukuma a Birtaniya da Amurka.

Idon da ya faɗa ciki

Na ukun shi ne wanda har yanzu nake jin zafin labarinsa. Magidanci ne a wani gari kusa da mu, ya sayi koi biyu masu araha daga hannun wani mutum a intanet a watan Yuli, ya zuba su kai tsaye cikin guda tara da ya tarar a gidan. Bayan kwana goma ya turo mini hoto. Idanun sun lotsa ciki, kifayen sun taru inda ruwa ke zubowa suna haki, fatar wasu ta yi kaushi. Na ce ya ɗaga murfin kunnen wanda ya mutu. Maimakon ja mai kyau, sai fari da ruwan toka faci-faci.

Waɗannan alamomin cutar da ake kira KHV ne, wani bairas da aka fara ganin ɓarnarsa a fili a Isra'ila da Amurka a 1998. Yana tashi ne idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 16 da 28, yana iya kashe kashi 80 cikin 100 na kifayen tafki ko fiye, kuma ba shi da magani. Ba ya kama mutum. Wanda ya tsira yana iya ɗauke da shi tsawon rai, ya yi shiru a lokacin sanyi, ya tashi idan ruwa ya ɗumama. Akwai wata cutar mai kama da ita da ke sa koi kwanciya a gefe kamar mai barci, ita ma tana lotsa ido, kuma gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke raba su. Tun 2007 doka ta wajabta sanar da KHV a Ingila da Wales, ko da zargi ne, ga sashen masu duba lafiyar kifi na hukumar Cefas da ke Weymouth.

Na san yadda gaban baƙo yake faɗuwa idan aka ce ya kira hukuma. Amma ma'aikatan nan kifi suke dubawa, burinsu kada cutar ta kai ga koguna da gonakin kifi. Abin da ke jawo wa mutum matsala shi ne ɓoyewa, ko raba wa abokai sauran kifayen, ko kai su kogi a saki, wanda laifi ne a doka ko da lafiyarsu lau. Mutumin ya kira, gwaji ya tabbatar, kuma a cikin goma sha ɗaya biyu suka rage. Da sababbin sun yi mako huɗu zuwa shida a wata roba daban, da ragarsu daban, a ruwan da ɗuminsa ya kai inda cutar ke bayyana, da a can za ta tsaya.

Gishiri da likita

Gishiri yana taimako, amma da awo. Giram 3 a kowace lita shi ne abin da aka saba, yana rage wa ƙoda aiki kuma yana rage illar naitirait. Tafki mai lita 5,000 zai ci kilo 15 ke nan, a zuba a kashi uku cikin kwana uku, kuma gishirin tafki ake so, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Ba ya tashi da tururi, sai an canza ruwa yake fita, yana kashe tsirrai, kuma akwai magungunan da ba sa haɗuwa da shi. Shi ya sa ya fi kyau a yi shi a robar jinya.

Sabonmu na fasa kafso a zuba a ruwa ba shi da wuri a nan. A Birtaniya ba a samun maganin kashe bakteriya sai da takardar likitan dabbobi, kuma wanda aka zuba a tafki yakan kashe bakteriyar matata ya bar cutar. Likitan kifi yana sa kifi barci, ya ɗiga wani rini mai haske da ke nuna gyambon ido, ya yi allura idan da buƙata, har ya cire idon da ya lalace. Ba kowane asibitin dabbobi ke karɓar kifi ba, saboda haka a nemi lambar wanda yake karɓa tun kafin a buƙace shi. Ƙungiyar likitocin kifi ta Birtaniya da ƙungiyoyin masu kiwon koi na yankuna suna taimakawa wajen samunsa. Idan kifin na mai gida ne ko na wanda kake kula da shi, ka tura masa hoto da sakamakon gwajin ruwa a rubuce tun ranar farko, kafin ka zuba komai.

Ko an rasa ido, ba a rasa kifi ba. Koi yana neman abinci da hanci da gashin bakinsa, kuma yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi. Mai ido ɗaya, har ma makaho, yana iya yin shekaru idan ana zuba masa abinci a kusurwa ɗaya a lokaci ɗaya, kuma aka cire duwatsu masu kaifi. Abin da nake roƙon duk wanda tafki ya faɗo hannunsa shi ne minti goma a mako: ya auna abu huɗun nan ya rubuta a littafi da kwanan wata, sannan lokacin ba da abinci ya tsaya ya ƙirga kifayen, ya dubi idon kowanne.